Kawo teku cikin falo a Tamale: Kafin ka sayi fitila, tanadi batir

Daga wakilinmu a Tamale

Duk wanda ya taɓa ganin akwatin gilashin nan da ake cika shi da ruwan teku, a jera duwatsu, a dasa murjani mai rai, kifaye masu ruwan lemo da shuɗi suna kai da kawowa a ƙarƙashin fitila, ya san abu ne mai ɗaukar ido. A da sai a talabijin ake ganinsa, yanzu kuwa yana cikin wayar kowa, kuma duk kayan da ake haɗa shi da su ana iya yin odarsu ta intanet su sauka Akra, daga nan mota ko jirgi ya kawo su Tamale. Don haka ba abin mamaki ba ne idan mai otal, ko mai ofis, ko wani matashi da Allah Ya buɗa wa, ya ce shi ma bari ya kawo teku cikin falonsa.

Sai dai akwai abin lura. Mafi yawan masu koyar da wannan harka a littattafai da bidiyo mutanen Turai ne da Amurka, waɗanda sanyi ne ke damunsu, kuma da wuya a ɗauke masu wuta. Shi ya sa bayaninsu kan fara da fitila: wace ce ta fi kyau, wace ce ta fi fito da launi. Mutumin Tamale da ya bi wannan jeri yadda yake zai iya kashe dukiya mai yawa, sannan rana guda ta watan Maris ta mayar masa da akwatin kabari. A nan garin abin da ya kamata a fara tambaya shi ne: da me ruwan zai rayu idan wuta ta tafi, kuma da me zai huce idan bazara ta kankama?

Murjani dabba ne

Iyayenmu mata sun daɗe da sanin murjani a matsayin jan dutsen ado da fatake ke kawowa ta hanyar Sahara daga tekun Bahar Rum. Wancan ƙashin wata dabbar ruwa ce da aka sassaƙa. Wanda ake renonsa a akwatin gilashi ɗan uwansa ne mai rai, wato tarin ƙananan dabbobi masu baki da 'yan hannuwa, da ke manne a kan dutse, wasu daga cikinsu kuma suna gina wa kansu ƙashi na farar ƙasa.

Abin al'ajabi game da murjanin tekuna masu ɗumi shi ne, a cikin naman jikinsa akwai wata gansakuka ƙarama wadda ido ba ya gani. Ita wannan gansakuka tana amfani da hasken rana ta haɗa abinci kamar yadda ganyen masara ke yi, ta ci, ta ciyar da mai masaukinta. Wannan ne dalilin da ya sa fitila a irin wannan akwati abinci ce. Haka kuma idan ruwa ya yi zafi fiye da kima, murjani kan kori gansakukar daga jikinsa, ya koma fari fat, idan abin ya daɗe yunwa ta kashe shi.

Ko a cikin teku, ƙarin digiri ɗaya kacal a kan zafin da aka saba, idan ya ɗauki makonni, ya isa ya jawo wannan masifa. Duniya ta ga haka a 1998 da 2010 da kuma tsakanin 2014 zuwa 2017, sannan a watan Afrilun 2024 hukumar NOAA ta Amurka ta sanar da aukuwar karo na huɗu. Babban tsaunin murjani na Ostareliya, mai tsawon kimanin kilomita 2,300, ya sha wannan farin ciwo a 2016 da 2017 da 2020 da 2022 da 2024. To idan teku guda ta kasa kare shi daga zafi, ina ga ruwa lita 200 a ƙarƙashin rufin kwano?

Mai karatu zai iya cewa ai Gana ma tana da teku. Gaskiya ne, amma gaɓarmu ba ta da irin wannan murjani mai son haske da yawa, domin kowace shekara tsakanin Yuli da Satumba ruwan sanyi kan taso daga ƙasan teku, ga kuma laka da ruwan daɗi da koguna irin su Volta ke kwararawa. Babban tsaunin murjanin da masu bincike a jirgin ruwan Norway mai suna Dr. Fridtjof Nansen suka gano a ruwan Gana a 2012 yana zurfin kimanin mita 400 ne, inda babu haske, kuma irin na ruwan sanyi ne da ba a renonsa a gida. Ma'ana dai, duk murjanin da zai shiga akwati a Tamale baƙo ne daga nesa.

Zafi da sanyi

Murjani na son ruwan da ke tsakanin digiri 24 zuwa 27, kuma ya fi son ya tsaya wuri guda. A Tamale kuwa, a watannin Maris da Afrilu zafin rana kan kai digiri 40, ɗakin da ba shi da na'urar sanyaya iska kuma kan riƙe zafin har tsakar dare. Ga shi kowane inji da aka jefa cikin ruwan, da kowace fitila da aka rataya a kansa, ƙara masa ɗumi suke yi. Bugu da ƙari, ruwan ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa kamar ruwan sanyi, ruwan gishiri kuma ba ya riƙe ta kamar ruwan daɗi.

Don haka na'urar sanyaya ruwa dole ce. Tana aiki ne kamar firiji: ruwa ya ratsa ta, ya huce, ya koma akwati. A tabbata bututun cikinta na ƙarfen taitaniyam ne, domin ruwan gishiri na cin sauran ƙarafa, jan ƙarfe kuwa guba ne ga murjani ko da kaɗan ne. Kada a kulle ta cikin kabad, saboda zafin da ta zare daga ruwa waje take hurowa, kuma a riƙa kakkaɓe mata ƙura, musamman lokacin hazo. Ƙaramar fanka da ke hura saman ruwa tana taimakawa da digiri ɗaya ko biyu, kuma ta fi aiki idan iska a bushe take, amma ba za ta maye gurbin na'urar ba.

Da hunturu kuma lamarin kan juya. Dararen Disamba da Janairu na iya saukar da ruwan ƙasa da yadda ake so, saboda haka ƙaramin hita mai kashe kansa shi ma yana da rana. A wannan lokaci ne kuma busasshiyar iska ke shanye litoci daga akwatin a kullum. Ruwa ne kawai ke tashi, gishiri yana nan, don haka da ruwan daɗi tatacce ake cikawa. Wanda ya cika da ruwan gishiri zai ga ma'auni yana ta hawa har dabbobin su galabaita.

Idan wuta ta tafi

Ba sai an tuna wa ɗan Gana mene ne dumsor ba. An sha duhu a 2006 zuwa 2007 lokacin da ruwan madatsar Akosombo ya ja baya, aka kuma sha wanda ya fi shi tsakanin 2012 da 2016, har a 2015 wasu wurare kan yi awa 24 babu wuta kafin a ba su ta awa 12. Ko a lokacin da al'amura suke daidai, kowa ya san yadda guguwar farkon damina ke kayar da turakun wuta a arewa, a zauna ana jiran ma'aikatan NEDCo su gyara.

Murjani zai iya kwana biyu ko uku babu fitila bai mutu ba, kamar yadda yake jure kwanakin hadari a teku. Abin da ba zai jure ba shi ne tsayawar ruwa. Da zarar injinan da ke motsa ruwa sun tsaya, kifi da murjani da ƙwayoyin halittar da ke cikin duwatsu duk za su ci gaba da shaƙar 'yar iskar da ta rage, cikin 'yan sa'o'i ta ƙare, musamman a daren zafi.

Ga lissafi mai sauƙi. Batir mai bolt 12 da ƙarfin 100 irin na gubar dalma, idan ana so ya yi ƙarko, rabin abin da ke cikinsa ake ja, wato kimanin rabin yunit da ɗoriya. Wannan zai riƙe injin motsa ruwa mai wat 20 na tsawon yini da kwana, amma na'urar sanyaya ruwa mai wat 250 za ta shanye shi cikin awa biyu. Saboda haka a raba layi: injin motsa ruwa a kan batir da inbata, na'urar sanyaya ruwa a kan janareta ko sola mai ƙarfi. Rana dai Allah Ya ba mu ita a wadace. A kuma ajiye ƙaramin injin hura iska mai aiki da batirin tocila, da robobin ruwa daskararru a firiji, waɗanda za a jefa cikin akwatin a rufe idan zafi ya yi yawa. Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma kuɗin wata. A ɗauki akwati mai lita 200: fitila wat 100 na awa 9, injina wat 65 dare da rana, na'urar sanyaya ruwa na kimanin awa 10 a ranar zafi. Jimilla ta kama wajen yunit 5 a rana, wato 150 a wata. Mai mitar kati ya buga wannan da farashin yunit kafin ya yi oda. Sannan a duba jikin kowane kaya: wutar Gana bolt 230 ce, kayan da aka yi don kasuwar Amurka kuwa na bolt 120 ne, ana jona su kai tsaye za su ƙone. A sa sitabilaiza, a sa makunnin da ke yanke wuta idan ta zubo cikin ruwa, a ɗaga soket sama da ƙasa, domin ruwan gishiri da lantarki ba su ga maciji.

Ruwa da gishiri

Ruwan famfon Tamale daga Farin Volta yake zuwa, ta matatar Dalun, inda ake sa masa magungunan da suka dace da shan ɗan Adam, ciki har da kulorin. Yana da kyau ga mutum, amma kulorin na kashe halittun teku, sauran abubuwan da suka narke a ciki kuma taki ne ga koren gansakuka da zai lulluɓe duwatsu. Ruwan tanka da na burtsatse da na leda duk ba a san abin da ke cikinsu ba sai an auna. Abin da masu wannan sana'a ke amfani da shi shi ne matatar gida mai siririyar fatar tacewa da ake matsa ruwa ta ciki, da wani ɗan ma'auni da ya kamata ya nuna sifiri. Sai dai matatar kan zubar da lita uku zuwa huɗu kafin ta ba da ɗaya, kuma tana buƙatar ruwa mai ƙarfin tura. A garin da wasu unguwanni kan yi kwanaki famfo bai zo ba, dole a tanadi tanki, a kuma tara wanda aka zubar don wanki da ban ruwan shuka.

Gishiri ma haka. Na Daboya da na Ada sun yi wa miya, amma ruwan teku ya ƙunshi kalsiyam da maganiziyam da wasu sinadarai da dama a kan wani ƙayyadadden kaso, don haka gishiri na musamman ake saya. Kowace lita tana ɗaukar kimanin giram 35, wato cika akwati mai lita 200 zai ci wajen kilo 7. Idan ana canza kashi 10 cikin 100 na ruwan duk mako biyu, a shekara za a ƙara kusan kilo 18. Wannan kaya ne mai nauyi da zai yi tafiyar kimanin kilomita 600 daga Akra, saboda haka a san inda za a riƙa samunsa tun kafin a fara. A sayi ma'aunin gishiri mai kyau, a riƙe shi tsakanin 1.025 da 1.026.

Sai na'urar kumfa, wadda ke cakuɗa ruwa da ƙananan kumfa su kwashe datti su tara shi a wani kofi a zubar, tana kuma ƙara wa ruwan iska. Ita da duwatsu masu ramuka inda ƙwayoyin halitta masu cin datti ke zama, da haske mai ƙarfi, su ne tsarin da masu kiwo a birnin Balin na Jamus suka yi fice da shi tun shekarun 1970, har ake kiransa da sunan birnin. Injinan motsa ruwa kuma a zaɓi waɗanda za su juya ruwan akwatin sau 10 zuwa 20 a awa, kuma guda biyu ƙanana sun fi babba ɗaya, don idan ɗaya ya mutu ɗaya na aiki.

Shi kansa akwatin, babba ya fi ƙarami sauƙin riƙo, domin ruwa mai yawa ba ya saurin zafi ko saurin lalacewa. Amma a tuna kowace lita ta ɗan haura kilo guda, idan aka haɗa da gilashi da duwatsu, mai lita 200 zai kusanci kilo 300. Teburin falo ba zai ɗauka ba. A Disambar 2022 wani katafaren akwati mai lita miliyan guda ya fashe a wani otal a Balin, kusan duk kifaye 1,500 da ke ciki suka mutu.

Yanzu sai fitila

Ruwan teku na haɗiye jan haske tun a 'yan mitocin sama, shuɗi ne ke nutsawa ƙasa, shi kuma gansakukar murjani ta saba da shi. Shi ya sa fitilun wannan harka suke da shuɗi-shuɗi, kuma farin ƙwan ɗaki ba ya biyan buƙata komai haskensa a ido.

Iri uku ne aka fi sani. Akwai fitilar halaid, 'yar uwar ta filin ƙwallo, mai wat 150 ko 250 ko 400. Tana raya murjani sosai, amma garwashi ce a kan ruwa, mutumin Tamale ya manta da ita kawai. Akwai dogayen ƙwayaye da ake kira T5, masu baza haske daidai ko'ina, sai dai ana canza su kusan duk shekara, kuma nemo su daga nan aiki ne. Sai LED, wadda ba ta cin wuta sosai, ba ta zuba zafi da yawa cikin ruwa, ana kuma iya rage ta ko ƙara ta. Ita ce ta dace da mu, da sharaɗin a riƙa share ƙurar da ke toshe fankarta, domin zafi ne ke rage mata kwana. A guji ta banza-banza da ba a rubuta irin hasken da take bayarwa ba, araha ba ta ado.

Ƙarfin da za a saya ya danganta da abin da za a rena. Masana na auna hasken da ke isa jikin murjani da ma'aunin da suke kira PAR. Murjani mai laushi, marar ƙashi, yakan wadatu da 50 zuwa 150. Mai rassa kamar ƙahon barewa, irin su Acropora, yana neman 200 zuwa sama, ga shi ba ya yafe ƙaramin kuskure. Mai farawa a gari mai zafi ya tsaya kan mai laushi: fitila matsakaiciya, wuta kaɗan, zafi kaɗan. Awa 8 zuwa 10 a rana sun isa, a sa agogon da ke kunnawa da kashewa. Da bazara ana iya mayar da lokacin kunnawa ya fara bayan La'asar, don kada zafin fitila ya haɗu da na tsakar rana. Sabon murjani a fara masa da haske kaɗan, a riƙa ƙarawa mako-mako, in ba haka ba hasken ma zai mayar da shi fari. Kada kuma a ajiye akwatin kusa da taga.

Masu rai su ne na ƙarshe

Bayan an haɗa komai, a bar akwatin ya yi mako huɗu zuwa shida babu kifi, har ƙwayoyin halittar da ke mayar da amoniya mai guba zuwa abu mai sauƙi su yi yawa. Mai hikima zai ƙara da nasa gwaji: ya kashe babban makunnin gidansa na yini guda a lokacin zafi, ya ga ko tanadinsa zai riƙe. Gara a gane rauni a kan ruwa da duwatsu.

Akwai kuma doka da amana. Murjani mai ƙashi yana cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda Gana ke ciki, don haka ba a ƙetara iyaka da shi sai da takarda, kuma sashen namun daji na Hukumar Gandun Daji ne ke kula da wannan a nan ƙasar. Fiji ta hana fitar da murjani a ƙarshen 2017, Indunusiya ma ta dakatar daga 2018 zuwa 2020. Mafi yawan kifayen ado na teku daga ruwa ake kamo su, a wasu wurare ma da guba. Wanda zai saya ya nemi murjanin da aka rena a gona, da kifin da aka ƙyanƙyashe a tanki, kamar mai ruwan lemo da ratsin fari ɗin nan da fim ɗin Finding Nemo na 2003 ya sa yara suka san shi.

Wanda ya yi wannan lissafi ya ga ya fi ƙarfinsa, bai yi asara ba. Kogunanmu da madatsai irin su Bontanga suna da kifayen da suka saba da zafinmu: ƙananan dangin karfasa masu ja da ɗigo-ɗigo masu ƙyalli, da ƙurungu wanda wasu nau'o'insa ke iyo a rigingine. Irinsu ne Turawa ke saye daga Afirka ta Yamma su sa a nasu akwatunan. Ba su buƙatar gishiri ko na'urar sanyaya ruwa, fitila mai sauƙi ta ishe su. Masu koyar da kiwon kifi a Jami'ar Nazarin Ci Gaba, reshen Nyankpala, suna nan kusa ga mai neman shawara. Shekara guda da irin wannan akwati za ta koya wa mutum auna ruwa da haƙuri, daga nan in ya ga zai iya, sai ya tunkari teku da batirinsa a hannu.

Allah Ya sa mu dace.